Gero da Maiwa a Gona Ɗaya

Abin karantawa: Littafin Firistoci 19:14, Markus 10:13-16, 1 Korintiyawa 12:14-26.

A wannan wata muna so mu yi magana a kan waɗansu yara da ke cikin gidajenmu da makarantunmu da majami'unmu. Kowa ya san su, amma masu gane su kaɗan ne.

Kowace makarantar firamare kuka shiga za ku tarar da su. Akwai yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, amma in an karanta masa labari sau ɗaya ya riƙe shi duka. Sunansa a bakin mutane daƙiƙi. Akwai wanda benci ba ya riƙe shi: kafin malam ya gama tambaya ya amsa, kafin a tashi ya ɓad da fensir, an aike shi sayen gishiri ya komo da ashana. Shi kuma sunansa mai ƙiriniya, mara jin magana. Akwai yarinyar da ke zaune ita kaɗai in an fita tara, tana jera tsakuwa, tana toshe kunnuwa in an kaɗa ƙararrawa, in an sāke mata wurin zama ta yi ta kuka har a tashi. Ita ce a kan kira doluwa, waɗansu ma su rage murya su ce 'yar ruwa ce.

Shekara shida yaro ya ke yi a firamare. A cikinsu ne ya ke koyon ko shi wane ne, daga bakin manya kuwa ya ke koya. Wanda aka yi shekara shida ana ce masa daƙiƙi, ran da ya gama ya riga ya yarda. Abin tsoro kuma shi ne, bakin da ya kira shi daƙiƙi ran Litinin, sau da yawa shi ne ya gaya masa ran Lahadi Allah yana ƙaunarsa. Wace magana ce yaron zai gaskata?

ABIN DA MANOMI YA SANI

Manomi ya kan shuka gero da maiwa da dawa a damina ɗaya, wani lokaci ma a gona ɗaya. Ruwa ɗaya su ke sha, rana ɗaya ke dukansu. Gero ya kan nuna cikin wata uku ko kusa da haka, a yanka a ci tumu, maiwa kuwa tana nan ganye ɗanye, ko kai ba ta fid da ba. Ba mu taɓa jin manomin da ya ɗauki sanda ya shiga dukan maiwa domin ta ƙi nuna tare da gero ba. Ya san irinta ke nan. Ya kan nome ta, ya kore mata dabbobi, ya jira kaka. Ran da ya cika rumbu ba ya raina ta domin ta makara.

Allah wanda ya yi iri dabam dabam a gona, shi ne ya yi 'yan adam, bai kuwa zuba ƙwaƙwalwarsu duka a ma'auni ɗaya ba. Makaranta ce ta ke da ma'auni ɗaya: littafi ɗaya, benci ɗaya, jarrabawa ɗaya a rana ɗaya. Yawancin yara ma'aunin nan ya yi musu daidai. Waɗansu bai yi musu ba.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Sanin likita baiwa ce daga wurin Allah. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Bari mu ji abin da aka gano a kan yaran nan uku.

Na fari, wahalar karatu, wadda a ke kira disleksiya. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya fara amfani da kalmar a shekara ta 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin hankali, lissafi ba ya ba shi wuya, amma ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Malaminsa ya shaida da a ce da baki kaɗai a ke koyarwa, da babu wanda zai fi shi a makarantar. Idon irin wannan yaro lafiya lau ne. Inda wuyar ta ke shi ne rarrabe sautukan da ke cikin kalma, da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Abin da sa'ansa ke yi ba tare da tunani ba, shi sai ya yi da gumi, harafi harafi, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa.

Na biyu, rashin natsuwa da yawan motsi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa huɗu, ADHD. Wani likitan yara, George Still, ya yi bayaninsa a birnin Landan a 1902. A 2007 aka tattara bincike daga ƙasashe da yawa, aka ga yara wajen 5 cikin 100 suna da shi. A shekarar nan kuma aka gwada hotunan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, aka ga ta masu wannan hali tana bin hanyar girma irin ta kowa, amma tana baya da wajen shekara 3, tun ba sashen goshi ba, wanda shi ne linzamin mutum. Watau yaron ya san doka, yana kuma so ya kiyaye ta, amma dokinsa ya girma ya bar linzami a baya.

Na uku shi ne otizim. A rediyo a kan ce galahanga, ko da ya ke a kan gama waɗansu halaye dabam cikin wannan suna. Likita Leo Kanner na birnin Baltimo a Amurka ya rubuta bayanin yara 11 masu shi a 1943. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro 1 cikin 100 yana da shi. Irin wannan yaro karanta fuskar mutane da gane habaici ko ba'a suna yi masa wuya, magana ya kan ɗauke ta yadda aka faɗe ta. Ƙarar da ba ta dame mu ba, shi tana huda masa kai. Bin tsari ɗaya kullum shi ne kwanciyar ransa. Waɗansu ba su magana sam, waɗansu kuwa suna magana kamar littafi. A ƙasarmu ya kamata a lura da abu biyu. A Turai a kan gane su da ƙin duban ido, amma a wurinmu sunkuyar da kai ladabi ne, don haka alamar ta kan ɓace. Gara a duba ko yaro yana waiwayowa in an kira sunansa, ko yana nuna abu da yatsa domin a gani tare da shi, ko yana shiga wasa da tsaransa. Na biyu, 'yan mata sun fi iya ɓoye abin. A kan yaba wa yarinya da kunya da shiru, alhali kuwa tana shan wuya ita kaɗai.

A wajen 1998 wata mai nazarin zaman jama'a a Ostireliya, Judy Singer, da waɗansu masu otizim su kansu, suka fara yaɗa wata magana wadda ma'anarta ita ce bambancin ƙirar ƙwaƙwalwa. Nufinsu shi ne a daina duban mutanen nan kamar tukunyar da ta fashe, a dube su kamar tukunya mai wata ƙira. Wannan ba ya rage nauyin da iyaye ke ɗauka. Amma ya kan sāke tambayar da a ke yi, daga "Yaya za a gyara shi?" zuwa "Me ya ke bukata?"

LAIFIN WA?

Cikin Yohanna sura 9 almajirai suka ga wani da aka haifa makaho. Nan da nan suka shiga neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da zancen duka biyu, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah ke shirin yi cikin mutumin. Har yau zuciyar ɗan adam tana son mai laifi, a kan uwa kuwa kayan ya kan faɗa. Dangin miji su ce daga gidansu ta kawo, maƙwabta su ce ta yi wanka a rafi da tsakar rana tana da ciki.

Masana ma sun taɓa ɗora wa uwaye wannan kaya. Shekaru da yawa a Amurka ana cewa sanyin zuciyar uwa ne ke kawo otizim, mata da yawa suka sha baƙin ciki a banza. A 1977 aka yi binciken tagwaye a Ingila, aka ga gādo yana da babban hannu a ciki, maganar nan ta fāɗi. Haka kuma a 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya ce allurar rigakafin ƙyanda tana jawo shi. Aka bincika aka tarar ba gaskiya ba ne. A 2010 mujallar da ta buga maganarsa ta janye ta, aka kuma hana shi aikin likita. Kada uwa ta hana ɗanta rigakafi saboda wannan jita-jita, gama ƙyanda tana makantarwa, tana kuma kisa.

Batun aljanu fa? Addu'a domin yaro abu ne mai kyau, kada a fasa ta. Amma a kewaye ƙaramin yaro ana ihu a kansa, ko a hana shi abinci da sunan azumi, ko a ɗaure shi, wannan ba aikin Ruhu Mai Tsarki ba ne. Yaron da ƙara ke yi masa zafi, in mutum goma suka yi ihu a kansa, lalle zai fāɗi yana birgima, su kuma su ce ga shaida. Ba aljan suka gani ba, azabar da suka ba shi suka gani. Ku kuma yi hankali da masu sayar da magani, na kwalba ko na gargajiya, masu cewa za su warkar da otizim. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke kawar da shi. Koyarwa da haƙuri su ne ke kai yaro gaba.

BULALA FA?

Wani dattijo zai ce, "Ai Littafin Misalai ya yi zancen sanda, mu ma da ita aka yi renonmu." Horo wajibi ne, yaran nan ma suna bukatarsa, gama su ma 'ya'yan Adamu ne, sun iya ƙarya da ƙeta kamar kowa. Amma horo domin wanda ya ƙi ne. Wanda ya kasa, taimako ya ke bukata. Aikin iyaye da malamai shi ne su rarrabe ƙi da kasawa kafin su ɗaga hannu.

A nan ne ayarmu ta fari ta shigo. Cikin Shari'ar Musa Allah ya hana a zagi kurma, ya hana a ajiye wa makaho abin da zai yi karo da shi, ya kuma ɗaura dokar a kan tsoronsa. Don me a kan tsoronsa? Domin kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya cuce shi ba, ba su da mai rama musu sai Allah. To, akwai makantar da ba a gani da ido. A tsai da yaro mai disleksiya gaban aji ya karanta domin 'yan'uwansa su yi dariya, dutse ne aka ajiye a gaban makaho. A doki yaro kowace safiya domin abin da ba shi da iko a kai, ba karatu zai koya ba, tsoro zai koya, da ƙarya, da gudun makaranta. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni cikin Kolosiyawa sura 3 kada su matsa wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai. Zuciyar da ta karai tun aji uku, gyaranta ya fi koyar da karatu wuya.

YADDA ALLAH YA BI DA BAYINSA

Sa'ad da Allah ya kira Musa, Musa ya kawo kukan nauyin bakinsa. Ku duba Fitowa sura 4 da kyau. Allah ya tuna masa shi ne ya yi bakin, sa'an nan ya ba shi Haruna ya zama kakakinsa. Bai sallame shi daga aikin ba, bai kuma ce sai ya iya magana kamar kowa kafin ya tafi wurin Fir'auna ba. Mataimaki ya ba shi.

Ku tuna kuma da Dawuda cikin 1 Sama'ila sura 17. Sarki Saul ya sa masa sulkensa da kwalkwalinsa da takobinsa, da kyakkyawan nufi. Kayan yaƙi ne na gaske, amma Dawuda ya kasa tafiya da su. Da an tilasta masa, da Goliyat ya gama da shi, mutane su ce yaron ba jarumi ba ne. Saul ya yi hikima ya bar shi ya tuɓe, ya ɗauki majajjawarsa. Yara da yawa suna fāɗuwa a firamare cikin sulken da ba nasu ba, ba wanda ya tambaye su ina majajjawarsu.

A zamaninmu akwai Temple Grandin, wadda aka haifa a Amurka a 1947. Tana da otizim, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku. Uwarta ta ƙi fid da zuciya, wani malamin kimiyya kuma ya ƙarfafa ta. Ta girma ta zama farfesa a kan ilmin dabbobi a jihar Kolorado. Idonta ya kan ga ƙananan abubuwan da ke firgita shanu, kamar inuwa a ƙasa ko sarƙa mai lilo, ta tsara hanyoyin kora shanu waɗanda a ke aiki da su a ƙasashe da yawa.

Amma kada mu ɗauka kowane yaro zai zama farfesa. Waɗansu za su bukaci mai lura da su muddin ransu. Darajarsu ba ta rataya ga wata baiwa da za su nuna ba. Cikin siffar Allah aka yi su, jinin Yesu Kristi kuma bai yi musu araha fiye da na mai zuwa na ɗaya ba. Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin da a ke gani raunana, jiki ba ya iya rabuwa da su. Ekklesiyar da babu irin yaran nan a cikinta, ba lafiya gare ta ba, wata gaɓa ce ta ɓace mata.

ABIN DA ZA MU YI

Ga iyaye. Da fari a kai yaro asibiti a gwada kunnensa da idonsa, gama yaro da yawa da a ke kira daƙiƙi allo ne ba ya gani, ko malam ne ba ya ji. A duba yunwa, da ƙarancin jini, da farfaɗiya, har da irin wadda yaro kan yi shiru ya zuba ido na ɗan lokaci kaɗan. In waɗannan ba su ne ba, a nemi likitan yara a asibitocin koyarwa na Jos ko Zariya ko Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Akwai maganin da ke taimakon waɗansu masu rashin natsuwa, amma likita kaɗai ke ba da shi. A gida kuwa a ba da umarni ɗaya ɗaya, gajere. A gaya wa yaro tun da wuri in za a sāke wani abu. A nemi abin da ya iya, ko kiwo, ko zane, ko waƙa, ko gyaran keke, a yabe shi a kai a gaban mutane. Kada a ɓoye shi a ɗaki in baƙi sun zo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu bai ruɓe ba.

Ga malamai. Mun san aji ya cika, albashi kuma ba ya isa. Amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo. A zaunar da yaron a gaba, nesa da taga. Mai yawan motsi a ba shi aikin motsi: share allo, raba littattafai, kai saƙo ofis. Mai wahalar karatu a tambaye shi da baki, a ƙara masa lokaci, a koya masa sauti da harafi ɗaya ɗaya, yana faɗa yana zanawa a ƙasa da yatsa. Rubutun Hausa ya fi na Turanci bin sauti, don haka fara wa yaro da harshen da ya ke ji ya kan sauƙaƙa masa hawan. Malam ya hana ba'a, gama yadda malam ya kira yaro haka aji duka za su kira shi. Mai son ƙarin sani, ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Jos, da Kwalejin Ilmi ta musamman da ke Oyo. Hukuma ma ta yi magana: dokar 2004 ta ba kowane yaro a Nijeriya ilmin farko kyauta kuma dole, a watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci.

Ga ekklesiya. A rage ƙarar lasifika, ko a shirya wuri kusa da ƙofa inda uwa za ta fita da ɗanta ta komo ba tare da harara ba. A Makarantar Lahadi, wanda ba ya iya karanta ayar haddacewa a rera masa ita, wanda ba ya iya zama a ba shi kwanon baiko ya zaga da shi. Zumuntar mata su riƙa karɓar uwar yaron, ko na yini ɗaya, ta je kasuwa ta huta. Dattawa su yi wa mijin da ke shirin korar matarsa saboda irin wannan yaro magana. Ɗa na kowa ne.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. A 1953 mishan ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, a lokacin da mutane ke ganin makaho ba shi da abin yi sai bara. A 1960 Andrew Foster, mai bishara baƙar fata daga Amurka, wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan. Waɗanda suka riga mu sun ga makaho da kurma, suka yi musu hanya. Namu rabon shi ne yaran da wahalarsu ba ta ganuwa.

Ran da aka kawo yara wurin Yesu, almajirai suka tsaya a tsakani suna kora, suna tsammani hidima su ke yi masa. Markus ya gaya mana ransa ya ɓaci. Bai tambaya wane ne cikinsu ya iya karatu ba, ko wane ne ya iya zama shiru. Ya rungume su, ya sa musu albarka. Kowane ɗayanmu yana tsaye a wuri ɗaya cikin biyu, ko cikin masu kawowa, ko cikin masu korewa. A makon nan, ka tuna da yaro ɗaya da ka sani, ka kira shi da sunansa na yanka, ka tambayi uwarsa abin da za ka ɗauke mata.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka yi gero, kai ka yi maiwa, ka kuma sa wa kowanne lokacinsa. Ka ba iyaye ƙarfi, ka ba malamai haƙuri, ka ba ekklesiyarka ido mai gani. Ka warkar da zukatan yaran da aka karya da baki ko da sanda, su san kai ka yi su, kana kuwa murna da su. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.